Motar da ke Tari a Kan Hawa

A wannan wata muna so mu ba ku labarin wata tsohuwar mota da muka gada a gidanmu, wato Volvo 740 Turbo ƙirar 1989, wadda da ita muke kai tsofaffi asibiti, da ita muke zuwa biki da ta'aziyya. Dalilin kawo labarin kuwa shi ne saura ƙiris ta hallaka mu, sannan saura ƙiris mu zubar da kuɗi a kan ciwon da ba shi ke damunta ba.

A daminar da ta wuce ne ta fara wani hali. In an tashe ta da safe lafiya lau take sulo, cikin gari ma ba ta da laifi. Amma da zarar an hau babban titi an taka totur sosai, allurar turbo ta tashi, sai ta fara tari tana fizga, wani lokaci har salansa ta yi harbi. In an sassauta ƙafa sai ta koma kamar ba ita ba. Muka yi ta cewa ruwa ne a cikin mai.

Ran nan muna kan hanyar Kumasi zuwa Techiman, da gwaggonmu a baya, muka fito za mu wuce wata babbar motar katako a kan hawa. Muna kaiwa tsakiyarta motarmu ta shiga tari, ƙarfi ya tafi, ga bas ta taho gaba da gaba. Allah ne ya sa direban katakon ya rage gudu muka samu muka shige. Gwaggo ba ta daina salati ba har muka isa.

Washegari muka nufi Suame Magazine. Fita na farko ko bonet bai buɗe ba ya ce turbo ta mutu, a sayo wata. Na biyu ya ce famfon mai ne. Daga nan aka nuna mana wani dattijo, muka gaishe shi muka ce, "Masta, an ce turbo ce." Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, turbo da ta mutu ba ta tura iska, taku kuwa sai ta tura ne ciwon ke tashi. Ku bar ta, mu nemi wanda ya kasa ɗaukar nauyin da take ɗora masa."

Ga bayanin da ya yi mana. Hayaƙin injin ne ke juya turbo, har fiye da sau 100,000 a minti guda, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda. To iska in ta matsu ba ta barin wuta ta ratsa ta da sauƙi. Kwayil yana ɗaga bolt 12 na batir ya kai dubbai, kuma abin da ya ishi fulogi ya yi tartsatsi a sulo ba ya isarsa a lokacin da turbo ke aiki, domin a nan bukatar takan haura bolt 20,000. Wuta kuwa hanya mafi sauƙi take bi. In bakin fulogi ya yi faɗi, ko robar waya ta tsage, sai ta zille ta bi jikin injin, man silindar ya fita ɗanye ya je ya ƙone a salansa. Wannan shi ne harbin da muke ji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ya ce a irin wannan ciwo abu uku ake bi ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada: wuta, iska, mai.

Da ya kwance fulogi huɗun ya jera su bisa tsarin silindarsu, ya auna bakinsu, sai ga wasu sun kai milimita 1.2, alhali wannan injin tsakanin 0.7 da 0.8 yake so. Kunya ta kama mu, domin mu ne muka sayo su a araha a bakin hanya, aka ɗaura ba tare da an auna ba. Ya buɗe murfin distiributa, wanda a wannan mota yake can bayan injin inda ba kowa ke leƙawa ba, ya nuna mana wani baƙin layi siriri a ciki, sawun wutar da ke zillewa. Da magariba ya tashi motar a cikin duhun shago, ya yayyafa wa wayoyin ruwa kaɗan, muka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga waya ta uku. Nan muka gane abin da ya sa damina ta tone asirin, wato danshi.

Bai tsaya nan ba. Ya bi tiyon iska tun daga turbo har bakin injin yana matsawa da hannu. Ya ce tiyo mai tsaga yakan rufe bakinsa a sulo, sai iska ta matsa ya buɗe. Na'urar da ke auna iska ta riga ta ƙirga wadda ta tsere, don haka mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, baƙin hayaƙi ya fito. Namu lafiya suke, kilif ɗaya kawai ya ɗaure.

Daga ƙarshe ya ɗaura agogon awo a layin mai, muka hau titi tare. Ya ce dole matsin mai ya riƙa hawa tare da matsin turbo. In ya faɗi, to matatar mai ta toshe, ko famfo ya gaji, ko ɗan siririn tiyon da ke zuwa ragileta ya cire. Wannan shi ne mafi haɗari, domin ƙarancin mai a lokacin da turbo ke aiki yana ƙara zafi har fistan ya narke, kuma alamarsa ita ce bakin fulogi ya yi fari fat. Alhamdu lillahi, allurar ta hau yadda ake so.

Fulogi huɗu, wayoyi, murfi da rota, su ke nan abin da muka saya, kuɗinsu bai ko kusa da na turbo ba. Da mun bi maganar farko, da mun ɗaura sabuwar turbo mun koma titi da ciwonmu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa masu tsofaffin motoci a Zango-Zangonmu: in mota ta fara tari a kan hawa, kada a ƙara taka ta, kada kuma a fita wuce wata mota da ita sai an duba. A tambayi fita abin da ya auna kafin a tambaye shi abin da za a sayo. Gwaggo dai ta sake shiga motar, amma sai da aka nuna mata tsofaffin wayoyin a cikin leda. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.