Tsagar da Ido Ba Ya Gani

Dakata, ɗana, kada ka tura wa injin tukuna. Na ga zanen ya fito sumul a allo har kana murmushi. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sana'a tamu ban yarda ba. Allo kwalliya yake yi wa zane, injin CNC kuwa lissafin da ke ƙarƙashi yake bi, ba ruwansa da kyau.

Shekarun baya wani mai masana'antar roba a nan Kano ya kawo mana aikin mol na murfin bokiti, a fayil ɗin IGES. Na buɗe, na jujjuya, ban ga aibu ba. Ashe wata siririyar fuska a lanƙwasar gefe ta salwanta wajen sauya fayil, ta bar tsaga wadda faɗinta bai kai milimita 2 ba. Bakin yanka mai kan ƙwallo, na milimita 3, yana isowa wurin sai ya ɗan nutsa. Nutsewar ba ta kai rabin milimita ba, amma da mun bar ta, da kowane murfi ya fito da zane a jiki kamar tsagen gado. Kwana uku muka yi muna walda da guga, maigidana bai ce mini uffan ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na gane daga baya shi ne, zanen CAD ba dunƙule ba ne. Ƙyallaye ne aka ɗinke, kowace manhaja kuma da nata ma'aunin abin da take kira "sun haɗu". IGES tsoho ne, tun 1980 yake, kuma sau da yawa ƙyallayen kawai yake kawo maka a warwatse. STEP yana riƙe bayanin ɗinkin. Don haka kafin ka wahala, buga waya ka nemi STEP, ko Parasolid in da SolidWorks aka zana. Roƙon fayil ba gazawa ba ne.

In babu, to nemi gefunan da ba su haɗu da kowa ba. Rhino yana haska su da launi, SolidWorks yana da Import Diagnostics. A nan shaiɗan zai raɗa maka cewa ka sassauta ma'aunin haɗi daga 0.01 zuwa 0.1, komai ya rufe. Zai rufe kuwa, a allo. Yaɓe ne a kan bangon da ya dare. Faci ma ban cika so ba, don yakan zo da ɗan tudu ko kwari wanda sai a jikin ƙarfe za ka gan shi.

Ga yadda nake yi. Yawancin fuskokin nan datse su aka yi, cikakkiyar tana nan a ɓoye. Warware datsin, miƙa ta, miƙa maƙwabciyarta har su ratsa juna, ka sake datsewa a inda suka gamu. Lanƙwasar gefe kuwa, share ta gaba ɗaya ka sake sabuwa. Ya fi lallaɓa tsohuwa sauri. In wata fuska ta juya ciki waje, juyo ta, wannan ba aiki ba ne.

Bayan gyaran, sai ka kunna ratsin nan baƙi da fari irin na jakin dawa a kan zanen don duba mahaɗa. In ratsi ya tsinke a mahaɗa, akwai kaifi a wurin. In ya haɗu amma ya karye, za a iya yanka, sai dai haske zai tona shi a kan roba mai sheƙi. In ya wuce kamar ruwa, shi ke nan.

Duk abin da ka sauya, ko yaya ƙanƙantarsa, rubuta ka sanar da mai aiki, kayansa ne. Yanzu matso da kujera, kunna mana gefunan. Wancan jan layin da ke ƙasan zanen, tun ɗazu nake kallonsa.