Tsutsa a Shingen Zogale: Kafin Ku Ɗauko Fiya-fiya

Yawancin gidajenmu a Tudun Murtala babu filin lambu, amma da wuya ka shiga gida ka rasa zogale biyu ko uku a jikin katanga, ko lalle, ko ɗan lemun tsami a cikin bokiti. A harabar majami'a ma ku ne kuke ba shinge ruwa kuna aske shi. Saboda haka idan tsutsa ta faɗa wa waɗannan itatuwa, ku za a aika ku nemo magani, kuma abin da kuka sayo shi zai shiga tukunyar gidan.

Turawa sun sha irin wannan wahala. Suna da wani ɗan itace mai ƙananan ganye da suke kira boks, wanda suke shinge da shi. Wata tsutsa 'yar asalin gabashin Asiya ta ɓulla a Jamus wajen 2007, a 2008 aka ga uwarta a Ingila, daga nan ta bazu ko'ina a Turai. A birnin Sochi na Rasha, cikin dashen da aka kawo daga Italiya a 2012 don ƙawata gari saboda wasannin Olamfik na 2014 ta shigo, ta fita daga gari ta cinye dazukan boks da suka daɗe a wurin. Mu ma mun ga makamancin haka. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon ta lalata gonaki a Kadawa har tumatir ya gagari talaka, kuma a wannan shekarar aka fara ganin tsutsar masara 'yar Amurka a Najeriya. Darasin farko ke nan: in za ku sayi dashe a wurin masu furanni na bakin titi a Nassarawa, ku juya ganyen ku duba bayansa kafin ku biya kuɗi.

Ba mu da boks a nan, amma zogale yana da tasa tsutsar. Masana suna kiranta Noorda blitealis, kuma manoman zogale a Jamhuriyar Nijar sun san ta sarai. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare, mai saka ƙwai a kan sabon toho. Tsutsar takan haɗa ganyaye da zare kamar na gizo-gizo, ta ɓuya a ciki tana kankare ganyen har ya zama kamar takarda. In ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa, ta kwanta cikin turɓaya, ta fito da fukafukai ta sake saka ƙwai. Shi ya sa mutum zai yi feshi yau, bayan 'yan makonni ya ga ta dawo.

Zogale shida nake da su a bayan gida. A daminar da tsutsar ta fi yi mana ɓarna, wani maƙwabcina mai kirki ya miƙo mini kwalbar fiya-fiya ta saman katanga, ya ce, "Fasto, sau ɗaya za ka fesa, an gama." Na yi masa godiya, na ce ya bar ta tukuna. Daga waɗannan itatuwan ne uwargida take tsinkar ganyen kwaɗo da na dambu, yara kuma a gindinsu suke wasa. Fiya-fiya guba ce da ake haɗawa da sinadarin DDVP, wanda yake shiga jikin mutum ta fata da ta numfashi. Haɗarinsa ne ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi. Kwalbar da aka ɗura a bakin hanya kuwa babu rubutu a jikinta, babu mai gaya maka awon da za ka zuba, ko kwana nawa za ka jira kafin ka ci ganyen.

Abin da muka yi mai sauƙi ne, sai dai yana son naci. Da sassafe, kafin in tafi kwaleji, nakan bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na ga ganye a dunƙule, ko ɗan baƙin kashi a kan ganye, sai in tsinke in jefa cikin bokitin ruwan sabulu. Rassan da suka lalace sosai muka sare, domin zogale ba ya gudun sara, yakan sake toho ya fi da yawa. Muka tona ƙasar gindin da fartanya sama-sama, muka saki kaji suka tsince abin da yake kwance a ciki.

Sai kuma darbejiya, wadda take zubar da 'ya'yanta a titunanmu muna takawa. Ku tsinci nunannun, ku wanke, ku shanya a inuwa, ku ɓare ku daka ƙwayar. Awon da aka saba shi ne giram 50 a lita 1 ta ruwa. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma, gaba da bayan ganyen, domin zafin rana yana kashe ƙarfinsa. A maimaita bayan kwana 7, ko in ruwan sama ya wanke. Ba za ku ga tsutsa ta zube nan take ba. Sinadarin da yake cikin ƙwayar yana hana ta ci, ya hana ta girma, sai ta mutu a hankali. In kun sami maganin da ake kira Bt a shagon kayan noma, shi ma yana da kyau: wata ƙwayar halitta ce da take kashe tsutsar da ta ci ganyen, ba ta cutar da mutum ko kaji, kuma ta fi aiki tun tsutsar tana ƙarama.

Akwai wani dalilin kuma da ya sa nake gudun guba. Ku lura da zanzaro da yake gina ɗakin laka a jikin bango. In kuka fasa ɗakin, sau da yawa tsutsotsi za ku tarar ya tara wa 'ya'yansa. Shi da rina da gizo-gizo da tsuntsaye suna rage mana tsutsa kullum ba tare da mun biya su ba. Guba mai ƙarfi takan kashe ƙwarin nan tare da tsutsar, tsutsar kuma ta riga su farfaɗowa, sai ɓarnar ta biyu ta fi ta farko.

Rigakafi ya fi magani. Ina ba da shawara kowane mako a damina mutum biyu daga cikinku su zagaya shingen majami'a da bokiti, minti 15 ya isa. In a gida aka aike ku sayen maganin feshi, ku tambaya cikin ladabi ko ganyen na ci ne. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku.