Makaɗin da Ya Tsira

Wladyslaw Szpilman Bayahude ne, makaɗin fiyano a gidan rediyon Warsaw. A 1942 sojojin Hitila suka kwashe iyayensa da 'yan'uwansa zuwa sansanin Treblinka, ba wanda ya komo. Shi kuwa ya yi ta ɓuya, yunwa na cin sa. A 1944 wani hafsan Jamus, Wilm Hosenfeld, ya iske shi a wani kango, ya ce ya kaɗa masa. Da ya ji kiɗan, sai ya rufa masa asiri, yana kai masa burodi. Szpilman ya rayu har 2000.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sauran Yahudawa wajen miliyan 6 da aka hallaka. Akasarinsu ba su iya kiɗa ba. To, ran mutum sai da sana'a yake da daraja?