Kunne Kafin Baki: Turancina a Zungur

Yau ina so mu tattauna kan furucin Turanci, abin da ke damun da yawanmu amma kunya take hana mu faɗa.

Mahaifina mutumin Maraɗi ne, a Kasuwar Wunti yake sayar da yadi, ni kuma a nan Bauchi na yi sakandare. Baba yana jin Faransanci kaɗan, Turanci kuwa babu, don haka duk wayar da ta zo daga Aba ko Onitsha ni ake miƙa wa. To a nan na gane cewa cin jarrabawa daban, jin magana daban. A jarrabawar WAEC akwai takardar furuci mai tambayoyi 60, amma da fensir ake amsa ta, ba wanda zai ce buɗe baki mu ji. Sai ka fito da sakamako mai kyau, ranar da mai kaya ya ce “fifteen” a waya ka rasa ko 15 yake nufi ko 50. A ciniki kuwa wannan tazarar jarin uban mutum ce.

Matsalar ba ta rashin basira ba ce, ginin harsunan ne ya bambanta. Hausa tana da wasula 5, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin su “ai” da “au”, alhali Turancin Ingila yana da sautin wasula kusan 20. Ba mu raba “p” da “f”, shi ya sa “pan” da “fan” suke zame mana abu ɗaya. Ba mu da “v”, sai mu mai da ita “b”. Haka kuma harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe, sai ya soka wasali a tsakani, abin da ya haifar mana da burodi da sukurudireba. Sannan Hausa da karin sauti take aiki, Turanci kuwa da nauyin gaɓa. Asirin lambobin nan ke nan: a 15 nauyin yakan faɗa kan gaɓar ƙarshe, a 50 kuma kan ta farko.

Da na fahimci haka sai na fara da kunne, domin abin da kunne bai rarrabe ba, baki ba zai iya faɗa ba. Kullum bayan Isha'i nakan saurari shirin 6 Minute English na BBC sau uku: na farko ba tare da rubutu ba, na biyu ina bin rubutun, na uku ina maimaitawa a bayan mai magana. Idan YouTube ne nakan rage gudun zuwa 0.75. Don gyara “p” nakan riƙe takarda a gaban baki, leɓɓa su haɗu, iska ta fashe ta kaɗa takardar. A “f” kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Sai in ɗauki muryata a waya in saurara, duk da ba daɗi.

Wasu abokai sukan ce wai ina son zama Bature. Amsata tana cikin garin nan, inda kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. Ku nemi jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 7 ga Oktoba 1960. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina da Landan, ana yi masa kirari da mai muryar zinariya, amma bai bar rawaninsa ba. Ku lura da yadda yake magana a natse, kowace kalma ta fito daram. Abin da nake nema ke nan, a fahimce ni, ba wai a kasa gane daga inda na fito ba.

Shawarata ga 'yan uwa 'yan kasuwa, in an faɗa muku farashi a waya ku maimaita shi lamba-lamba, sannan ku ce a turo a rubuce. Kada dariyar mutane ta rufe muku baki, mai koyo ba ya jin kunya. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya buɗa mana kasuwa, Ya sa mu dace, amin.