Likitan gwamnati da kuɗin shaida a Amurka

Da lauya ta faɗi kuɗin ƙwararren da zai ba mu shaida, sai da na ce ta maimaita. Ɗaruruwan daloli a kowace awa, har da lokacin da zai zauna a ofishinsa yana karanta fayil. Ɗan wana ne mota ta buge, tsohon soja ne a nan, kuma likitan da ya gyara masa ƙafar yana nan da ransa. Na ce a kira shi mana. Ta girgiza kai, ta ce ma'aikacin gwamnatin tarayya ne.

A gida da an kai sammaci babban asibiti, ko da jinkiri, likita zai zo ya tsaya gaban alƙali. Takardar asibitin gwamnati ma ita ce mai daraja. Na tuna wannan, raina ya ɓaci.

A nan kuwa, tun shari'ar Touhy a 1951, Kotun Ƙoli ta amince shugaban ma'aikata ya hana na ƙasa da shi miƙa takardun ofis, kuma kusan kowace ma'aikata ta gina dokarta a kai. Idan gwamnati ba ta cikin rigimar, ma'aikaci ba zai ba da shaida kan aikinsa ba sai da izini. In an yarda, galibi abin da ya gani zai faɗa, ban da ra'ayinsa na ƙwararre. Dalilinsu, kada wanda jama'a ke biya ya ɗauki ɓangare, ko ya yini a kotu marasa lafiya na jira. Gaskiya wannan ya burge ni, don na san yadda rigar gwamnati ke rinjayar shari'a a wajenmu. Amma talaka fa?

In irin wannan ya same ka, tambayi tun farko ko likitanka na tarayya ne, domin na jihohi dokarsu daban. Karɓi fayil ɗinka da wuri. Lauya ya rubuta wa lauyoyin ma'aikatar takamaiman abin da ake so a shaida, kuma kada a bari sai ranar shari'a ta matso. Yawanci lauya ke biyan ƙwararren, ya cire kuɗinsa daga diyyar in an ci shari'ar. Duba yarjejeniyar ka ga ko kafin ya ɗauki kasonsa zai cire ko bayan.

Mai shaida na gama-gari dala 40 ake ba shi a yini a kotun tarayya. Namu ƙwararren, bai kai ga kammala karanta shafukan farko ba kuɗinsa ya wuce haka.