Shugaba Darman da Takardar Ɗiyata

Wannan makon ba ci gaban littafi na kawo muku ba, a yi mini afuwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai.

Kwanaki na je karɓar wa ɗiyata takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma, saboda neman makaranta. Ma'aikacin ya dubi sunan kakanta, ya ɗago kai ya ce, "Ku ai mutanen Nijar ne ko?" Wallahi sai da gabana ya faɗi. Gaskiya ne kakana daga Damagaram ya zo fatauci ya zauna, amma ni da mahaifina duk a unguwar nan aka binne cibiyarmu. Ina fitowa babu wanda ya faɗo mini a rai sai Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, wanda Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya gajiya da ba mu labarinsa.

Shugaba ɗan Maiduguri ne, ɗan jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba. A zaɓen 1979 jam'iyyarsu ta lashe Borno, lokacin Yobe tana cikinta, Muhammadu Goni ya zama gwamna. Shi kuma Shugaba ya shiga majalisar dokokin jiha har ya zama shugaban masu rinjaye. Mutum ne mai baki, ba ya raga wa gwamnatin NPN ta Shehu Shagari.

A watan Janairun 1980, ko wata huɗu farar hula ba su yi a kan mulki ba, jami'an shige da fice suka ɗauke shi suka tsallakar da shi Chadi. Takardar korar, ministan cikin gida Bello Maitama Yusuf ne ya sa mata hannu. Wai mahaifinsa mutumin Chadi ne, don haka shi baƙo ne. Ku duba fa, mutumin da jama'a suka yi layi a rana suka zaɓa! Da a littafi na rubuta wannan, da kun ce ƙaryar marubuta ta motsa.

Aka tafi babbar kotun Maiduguri. Kundin tsarin mulkin 1979 kuwa bai ɓoye komai ba: wanda aka haifa a ƙasar nan kafin samun 'yancin kai, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'ummar Nijeriya ne, to ɗan ƙasa ne. Kotu ta ce Shugaba ɗan Nijeriya ne, ta soke korar, ta sa a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, bai fisshe ta ba. Ya ci gaba da zama a garinsu har Allah ya yi masa rasuwa a 2010.

Abin da Baba yake yawan nanatawa shi ne, shi Shugaba yana da jam'iyya da gwamna da lauyoyi a bayansa. Sai ya yi shiru, ya ci gaba da murɗa rediyonsa. Ina ƙuruciya ban gane me shirun yake nufi ba.

Takardar dai mun samu, amma sai da na yi sawu uku, na kuma ɗauko mai unguwa da kansa ya zo ya ce ya san mahaifina tun suna makarantar allo. A hanyar gida yarinyar ta tambaye ni ko Damagaram da nisa. Na ce mata kusa ne, ko Abuja ta fi ta nisa.