Ai Ga Shi Ta Kawo

Hausawa sun yi hikima da suka raɗa wa lantarki suna wuta, domin sun san abin da ke dafa tuwo shi ne kuma ke cinye rumbu. An fara kunna ta a Ikko tun shekarar 1896, aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, wadda har gobe sunanta bai bar bakin yara ba, duk da cewa tun 2013 kamfanoni masu zaman kansu ke rarraba wutar. A tsawon wannan zamani kukan jama'a a kan wuta bai wuce biyu ba, ko dai ba a kawo ba, ko kuwa an ɗauke. Da wuya ka ji an zauna ana tambayar wane irin masauki aka tanadar wa wannan baƙuwa a cikin gida in ta zo.

Mu da muke aikin koyarwa mun san ba a auna yaro da tambaya ɗaya. Amma ga shi aikin wayarin gida, wanda rayukan iyali ke rataye a kansa, tambaya ɗaya tak ake yi masa. Mai aiki ya gama, ya danna makunni, ƙwai ya haska, fanka ta juya, sai ya dubi mai gida ya ce, "Alhaji, ai ga shi ta kawo." Shi ke nan, an ci jarrabawa, a biya kuɗi a sallame shi. Alhali kuwa duk abin da ke tsare rai a cikin aikin lantarki, ƙwai zai haska ko da shi ko babu shi. A nan gizo ke saƙar.

Bari mu fara da waya ta uku. Wutar da ke shigowa gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, kuma wayoyi biyu sun isa su tayar da kowace na'ura: mai ɗauke da wutar, wadda a da ja ce, a sabon tsari kuma ruwan ƙasa, da mai mayar da ita, wadda a da baƙa ce, yanzu shuɗiya. Ta ukun, koriya ko kuwa kore da rawaya, ita ce wayar ƙasa. Ba ta kunna komai. Aikinta shi ne ta haɗa jikin firji da dutsen guga da injin jan ruwa da wani sandan jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, domin ranar da waya ta goge ta taɓa jikin ƙarfen, wutar ta sami hanya mai sauƙi ta bi, fis ko bireka ya katse ta nan take. In babu wannan hanya, wutar za ta zauna a jikin firjin tana jira, kuma hannun da ya fara taɓawa shi ne hanyarta. A ƙasarmu ta Arewa, inda rani kan busar da ƙasa ƙayau, dole sandan nan ya nutsa sosai a wuri mai damshi, a kuma auna shi da na'ura, ba a soka guntun rodi a gefen katanga a ce an fita haƙƙi ba.

Na biyu shi ne kaurin waya. Abin da aka saba a bisa ƙa'ida, layin fitilu waya mai lamba 1.5 ake sa masa, layin soket mai 2.5, manyan kaya irin su kuka ta lantarki da babbar na'urar sanyaya ɗaki kuwa 4 ko 6, kowanne da layinsa da birekarsa. Siririyar waya in aka ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta ba za ta yi gardama ba, za ta ɗauka, amma tana zafi a cikin silin inda ido ba ya kai wa, robarta tana narkewa a hankali, har daren da iskar hunturu za ta ƙarasa aikin. Haka nan wayar jabu da ke cika kasuwa, wadda aka rage wa jan ƙarfe ko aka yi ta da alminiyon aka shafe da launi. A ido ba ta da aibu, kuɗinta kuma da sauƙi, amma masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Mu malaman makaranta ba ma gina gida a shekara ɗaya. Da adashi da ɗan abin da ya saura a albashi ake ɗora bulo, shi ya sa lokacin da aka iso kan wayarin aljihu ya riga ya huje. Lokacin da muka kawo wannan gaɓa a namu ɗan ginin, mai aikin ya kawo mana lissafi biyu. Ya ce, "Malam, ga na gaskiya, ga kuma na rufin asiri. Na biyun na cire wayar ƙasa, na rage kauri, kuma wallahi duk za su kawo." Muka gode masa da bai ɓoye mana ba, muka ce ya yi na gaskiyar, fenti ya jira. Gidan ya shekara biyu ba fenti, masu wucewa suna yi mana jaje. Amma fenti ana iya shafa shi kowace rana, wayar da aka binne cikin bango kuwa, tun ran gini tun ran zane.

Na uku shi ne fis da bireka. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi yana da ɗan fis a ciki wanda ba ya wuce amfiya 13, wato kimanin wat 3,000 ke nan. An yi shi ne domin ya mutu a madadin gida. To, amma me ake gani? Fis ya ƙone, maimakon a binciki abin da ya ƙona shi, sai a naɗa masa waya mai kauri ko takardar kwalin sigari. Wani ma ya yanke filogin ɗungurungum, ya cusa tsiraran wayoyi cikin soket ya tokare da tsinken ashana. Wani kuma ya jona dutsen guga da hita da rishon lantarki a kan soket ɗaya na tafi da gidanka. Wannan daidai yake da mutum ya ɗaure mai gadinsa don yana damunsa da ihun ɓarawo.

Duk wannan a cikin ɗaki ke nan. Inda hatsarin ya fi girma shi ne waje, kuma mu Hausawa rabin rayuwarmu a tsakar gida take. Can ake wanki da wanke-wanke, can ake alwala, can yara ke guje-guje ba takalmi. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafar da ke tsaye a kan jiƙaƙƙen siminti ƙofa ce a buɗe. Wutar da ke iya rikita bugun zuciya ba ta da yawa, domin ƙwan fitila mai wat 100 yana jan fiye da ninkinta goma. Saboda haka ne ƙa'ida ta tsananta a waje fiye da ciki. Soket da makunni da fitilar da ke waje, dole su kasance irin masu murfi waɗanda ruwa ba ya shiga. Wayar da za ta ratsa tsakar gida zuwa zaure ko shago ko rijiyar burtsatse, ko dai a binne ta cikin bututu kimanin rabin mita a ƙasa, ko ta zama mai sulke, ko a ɗaga ta sama inda hannu da tsani ba sa kai wa. Ba a kwantar da ita a kan rufin kwano, domin rana za ta gasa robar, bakin kwanon ya yanke ta. Ba a haɗa waya biyu a naɗe da leda. Makewayi kuwa ba a sa masa soket, makunninsa ma a waje ya kamata ya zauna.

Wata damina, wata ɗalibarmu 'yar aji biyu ta yi mako guda ba ta zo makaranta ba. Da ta dawo muka tambaye ta, ta ce jinyar mahaifiyarta take yi. Ashe igiyar shanyarsu ta ƙarfe ce, an ɗaure ta a jikin ƙarfen da ke riƙe da rumfar kwano, a kan rumfar kuma akwai wayar da aka ja zuwa ɗakin samari. Uwar ta ɗaga jiƙaƙƙen zane za ta shanya, wuta ta kama ta. Allah Ya sa kakar yarinyar ta yi saurin bugun hannunta da busasshiyar taɓarya, ta tsira da ƙuna a tafi. Muka tambayi 'yan ajin, su wajen sittin, wa ya san inda ake kashe wutar gidansu gaba ɗaya? Waɗanda suka ɗaga hannu ba su cika goma ba, kuma duk maza ne. Ga shi kuwa mata da yara su ke wuni a gida. Ya kamata babban makunni ya kasance inda hannun uwargida zai kai, ta kuma san ba a taɓa wanda wuta ta kama da hannu, ba a kuma watsa wa gobarar lantarki ruwa kafin a kashe layi.

Akwai wata 'yar na'ura da masu sana'ar ke kira RCD, wadda ke lura da wutar da ta shiga da wadda ta dawo. Da zarar ta ji wuta ta yoye da kimanin miliamfiya 30, ta jikin mutum ko ta wani wuri, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Fis waya yake karewa, ita kuwa wannan mutum take karewa. Duk layin da ya fita tsakar gida ko ya nufi injin ruwa ya cancanci a sa masa ita, kuma kuɗinta bai kai abin da ake kashewa a ƙofar gida mai ado ba.

Sai kuma janareto da sola, waɗanda suka zama ruwan dare. Wanda ya jona janaretonsa a soket ba tare da makunnin canjin layi ba, yana iya tura wuta ta koma kan turken waje, inda wani bawan Allah ke gyara yana zaton layin a mace yake. Shi kansa injin a fili ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, wadda ke kashe mutane cikin barci.

Ba a bar wannan al'amari kara zube ba. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA wadda doka ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da ba masu wannan sana'a takardar shaidar ƙwarewa, hukumar SON kuma ita ke kula da ingancin wayoyin da ake sayarwa. Amma ba hukumar da za ta kwana a ɗakin kowa. Mai gida shi zai nemi ganin takardar mai aiki, ba don wulaƙanci ba. Shi zai ce a auna wayar ƙasa a gabansa. Shi zai lura in soket ya yi baƙi, ko makunni ya yi ɗumi, ko ana jin ƙaurin roba, ya san bango ne ya fara tsagewa. Mai gidan haya ma haka, domin ran ɗan haya amana ce a wuyansa.

Idan tsautsayi ya auku mukan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma addininmu bai hana mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali ba. Mai karatu, yau in ka koma gida, ka zaga tsakar gida kafin magariba, ka ɗaga kai ka bi kowace waya da ido, daga inda ta fito zuwa inda ta nufa, sa'an nan ka kira iyali ka nuna musu inda ake kashe wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.